KALMAR "LEGIO" TA RUMAWA DA TAKWARARTA "RUNDUNA" A HAUSA

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zaunawa don juya wani littafin tarihin duniya ko labarin ƙasashen waje zuwa Hausa, ya san akwai kalmomin da kan tsaya wa mai fassara a wuya kamar ƙayar kifi, ba su haɗiyuwa, ba su kuma fitowa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce kalmar "legio" ta harshen Latin, wadda Ingilishi da Faransanci suka gada suka mai da ita "legion". A ainihinta suna ne na wani rukunin sojan Daular Rum. Idan aka ba ɗalibai goma jimla mai ɗauke da ita, waɗansu za su ce "bataliya", waɗansu "runduna", waɗansu kuwa za su kwafe ta yadda suka same ta su yi gaba abinsu.

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. To, amma a dubi wannan misali. A shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamus suka yi wa mayaƙan Rum kwanton ɓauna cikin wani daji, suka karkashe "legio" uku. Wanda ya rubuta cewa Rumawa sun yi hasarar bataliya uku, ya nuna wa mai karatu mutum kamar 2,000 ke nan, alhali kuwa waɗanda suka halaka sun kai 15,000 ko fiye. Da kalma guda an mai da babbar masifa ta koma ɗan artabu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana ma'anar "legio" da tsarin abin da take nufi, sa'an nan a auna ta da kalmarmu ta "runduna" kamar yadda tarihin ƙasar Kabi da Gwandu da kuma bakin mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka nuna ta. Za a ga cewa kalmomin biyu tafarki ɗaya suka biyo wajen bunƙasar ma'ana, don haka "runduna" ce ta fi cancanta da wannan gurbi, muddin mai fassara ya kiyaye waɗansu sharuɗɗa da za a kawo daga baya.

2.0 Asalin Kalmar

Tushen "legio" shi ne aikatau na Latin "legere", wanda ke nufin tsincewa ko zaɓe ko tattarawa. Ashe ke nan ma'anarta ta farko ita ce "waɗanda aka zaɓo". Dalilin wannan suna a fili yake. A farkon zamaninsa birnin Roma ba shi da sojan din-din-din. Idan lokacin yaƙi ya zo akan tara magidanta masu abin hannu, waɗanda galibinsu manoma ne, jami'ai su bi su suna tsamo ƙarfafa daga cikinsu. Kowa shi ke sayen makaminsa gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Akan fita da ƙarewar sanyi, a komo kafin wani sanyin ya kama, kowa ya nufi gonarsa. Watan nan da muke kira Maris ma ya samo sunansa ne daga Mars, gunkin yaƙi na Rumawa, domin a cikinsa ake buɗe fagen fama.

Wani masanin tarihi Bagirke mai suna Folibiyus, wanda ya zauna a Roma a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya bayyana cewa a zamaninsa "legio" guda takan ƙunshi dakaru 4,200 da mahaya 300, kuma idan al'amari ya yi tsanani akan ƙara dakarun su kai 5,000. Akan jera su sahu uku: samari a gaba, ƙosassu a tsakiya, tsofaffin hannu a baya, ga kuma masu ƙananan makamai da kan fara tsokano faɗa.

Da ƙasar Rum ta faɗaɗa, yaƙi ya yi nisa da gida, sai wannan tsari ya gaza, domin manomi ba ya iya barin gonarsa shekara da shekaru. A shekara ta 107 kafin Miladiyya wani jarumi mai suna Mariyus ya ɗebi talakawa marasa dukiya cikin yaƙi, kuma sannu a hankali aikin soja ya zama sana'a. Sarki Ogustus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin Miladiyya zuwa ta 14 Miladiyya, shi ya kammala wannan sauyi. Ya tsai da "legio" 28 na dindindin, ya yanka wa'adin aiki, ya kuma kafa baitulmali na musamman don sallamar waɗanda suka gama. Daga nan kalmar ta tashi daga "gayyar mayaƙa" ta koma sunan wata kafa ta hukuma mai lamba da suna da mazauni.

3.0 Tsarin "Legio" a Zamanin Sarakuna

Idan marubutan yau suka ambaci wannan kalma ba tare da wani ƙarin bayani ba, galibi tsarin ƙarni na 1 da na 2 Miladiyya suke nufi. Ga yadda yake daga ƙasa zuwa sama:

(a) Mutum 8 ke kwana cikin tanti ɗaya, suna kuma ci tukunya ɗaya.

(b) Tanti 10, watau mutum 80, su ne "centuria", ƙarƙashin wani jami'i da ake kira "centurio".

(c) "Centuria" 6, watau mutum 480, su ne "cohors".

(d) "Cohors" 10 su ne "legio". Daga ƙarshen ƙarni na 1 aka faɗaɗa ta farkon ta zama mai mutum 800. Idan aka haɗa da mahaya 120, jimillar takan ɗan haura 5,200.

Akwai abin lura a mataki na (b). Kalmar "centuria" daga "ɗari" aka samo ta, amma mutanen cikinta 80 ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a harshe, domin Bahaushe ma idan ya ce "kwana biyu ban gan ka ba", ba ya nufin a ƙirga kwanaki. Saboda haka wanda ya fassara "centurio" da "shugaban soja ɗari" ya bi lafazi, amma ya kamata ya san lissafin bai cika ba.

Babban kwamandan "legio" ɗan majalisar dattawan Roma ne wanda sarki ke naɗawa, yana da mataimaka 6. 'Yan ƙasa ne kaɗai ake ɗauka, watau waɗanda ke da cikakken 'yancin Barume. Sauran ƙabilun da aka ci da yaƙi sukan shiga rukunin mataimaka, su sami wannan 'yanci bayan sun yi shekara 25 suna aiki. Kowace "legio" tana da alamar gaggafa da aka ƙera aka ɗora bisa dogon sanda, kuma babu abin kunyar da ya kai a ƙwace ta a fagen fama. Waɗanda aka karkashe a dajin Jamus su ne ta 17 da ta 18 da ta 19, kuma Rumawa ba su sake ba wata waɗannan lambobi ba.

Abubuwa uku ke nan suka bambanta "legio" da taron mayaƙa kawai: tana da adadi sananne, tana da rassa a jere, tana kuma wanzuwa bayan mutuwar kwamandanta da dukan mutanen da suka fara ta.

4.0 "Legio" a Nahiyar Afirka

Mulkin Rumawa bai ƙetaro Sahara ya iso ƙasar Hausa ba, amma ya taɓa garuruwan da fataken Hausa suka sani daga baya. "Legio" ta 3, mai laƙabin Ogusta, ita ce ta tsare musu yankin da ya ƙunshi Tunisiya da gabashin Aljeriya da yammacin Libiya na yau. Ta fara zama a Haidara cikin Tunisiya, ta koma Tabassa, daga bisani ta kafa babban sansaninta a Lambasis cikin Aljeriya. Aikinta bai tsaya ga yaƙi ba, domin ita ke shimfiɗa hanyoyi da gina ganuwa. A shekara ta 100 Sarki Tarajan ya kafa garin Timgad kusa da sansanin, domin zaunar da tsofaffin sojoji. A zamanin Sarki Saftimiyus, wanda shi kansa haifaffen Libiya ne, ya kuma yi mulki daga 193 zuwa 211, wani reshe nata ya yi zaman tsaro a Gadamas, garin nan da fatakensa suka shahara a kasuwar Kano ƙarnoni da yawa bayan haka. An rushe ta a 238 saboda ta sa hannu cikin rikicin sarauta, aka sake kafa ta a 253 da lambarta da sunanta.

Kalmar ta bar sawunta a sunayen garuruwa. Birnin Leyon na ƙasar Sifen daga sansanin "legio" ta 7 ya samo sunansa, haka nan ƙauyen Lajjun na Falasɗinu daga sansanin ta 6.

A nan ya kamata a ja hankalin mai karatu ga wani abu. Rumawan da almajiri ya sani daga Suratur Rum, da yaƙin Mu'uta na 629 da na Yarmuk na 636, su ne Rumawan Gabas masu hedkwata a Kusɗanɗiniyya. Kafin wannan lokaci tsarin da aka bayyana a sama ya riga ya sauya. Tun ƙarni na 4 "legio" ta ƙanƙance ta koma mai mutum kamar 1,000, daular yamma kuma ta faɗi a 476. Don haka kuskure ne a ɗauki lissafin 5,200 a ɗora wa mayaƙan da Sahabbai suka gwabza da su.

5.0 "Runduna" a Ƙasar Kabi da Gwandu

Yanzu sai mu waiwayo gida. A tsohuwar ma'anarta, "runduna" na nufin taron mayaƙa masu yawa da suka fita ƙarƙashin jagora guda. Jam'inta "rundunoni". Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, kullum akan jingina ta ga mutum ko gari. Akan ce rundunar Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Surame. Akan ce rundunar Gobir, ko rundunar Gwandu. A labaran yaƙe-yaƙen dā ba a jin "runduna ta uku" ko "ta bakwai".

Tarihin Jega kansa ya ba da misali. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, kusa da inda Jega take a yau, mazaunin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da aka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel sai jama'ar Shehu suka kwance su, abin da ya gaggauta hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A 1805 aka ci Birnin Kabi, aka kuma sha wuya a Alwasa. Wajen 1820 Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, wadda kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Dukan ɓangarorin da suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe "runduna" ake kiransu, ko da yake wata ta ninka wata sau da yawa.

Irin wannan runduna tana da tsarinta. Akwai barade bisa dawaki, da 'yan lifidi, da dakaru, da 'yan baka, daga baya kuma da 'yan bindiga. Akwai sarautun yaƙi kamar Ubandawaki da Sarkin Baka. Shi kansa babban kwamandan mayaƙan Shehu, Aliyu Jeɗo, malamai suna kiransa Amirul Jaishi da Larabci, jama'a kuwa suna ce masa Sarkin Yaƙi. Sai dai rabon bisa makami ne da kuma uban tafiya, kowane hakimi da mutanensa, ba bisa ƙidaya ba. Ban da dogarai da bayin sarki da mazauna ribaɗi, mafi yawan mayaƙa manoma ne. Akan yi gangami bayan kaka, a fita da rani, a watse kafin damina ta faɗi. Tutar da Shehu ya bayar ma, mutum aka danƙa wa ita, shi ya sa ake cewa masu tuta. Gaggafar Rumawa kuwa ta rukuni ce, kwamanda ya zo ya tarar da ita, ya tafi ya bar ta.

Mai karatu zai ga cewa wannan hoto ya yi nesa da na sashe na 3.0, amma ya yi kusa ƙwarai da na sashe na 2.0. Runduna ta zamanin Gimbana da Alwasa ita ce "legio" ta farkon Roma: manoma ne da aka gayyato, kowa da makaminsa, suka fita bisa lokacin shekara suka komo.

A bakin jama'a kuma kalmar ta daɗe da fita daga fagen yaƙi. Ga misalai cikin karin harshen yamma, irin wanda ake ji a Jega da Aliero da Maiyama:

(1) Rundunas sarki ta hita.

(2) Alhaji ya taho wurin buki da rundunatai.

(3) Rundunaj jan-baki ta sabka cikin shinkahwa.

(4) Runduna guda munka gani ta 'yan ƙwadago, za su cirar albasa Aliero.

A jimla ta (1) ma'anar asali ce. A ta (2) ana nufin iyali da barori da 'yan rakiya. A ta (3) tsuntsaye ne masu ɓarnar amfanin gona, a ta (4) kuwa ma'aikata. Abin da ya haɗa su duka shi ne yawa da tafiya tare da manufa guda. Ba a cewa rundunar duwatsu ko rundunar buhuna, domin kalmar tana bukatar abu mai rai mai motsi. A lura kuma da yadda ɗafin mallaka na mace ke narkewa cikin baƙin da ya biyo shi a wannan kari, "rundunas sarki" a madadin "rundunar sarki", da kuma "rundunatai" a madadin "rundunarsa".

Da zuwan mulkin zamani sai kalmar ta sake ɗaukar wani nauyi. Yau muna cewa rundunar 'yan sanda, da rundunar sojan sama, da Runduna ta 8 ta sojan ƙasa mai hedkwata a Sakkwato, wadda Jihar Kabi ke cikin yankin aikinta. Waɗannan duka kafofi ne na dindindin, masu lamba da mazauni, waɗanda ba su watsewa don an canza kwamanda. Tafiyar da "legio" ta yi daga gayya zuwa hukuma a zamanin Ogustus, ita ce "runduna" ta yi a ƙarni na 20.

6.0 Me Ya Sa "Bataliya" Ta Shigo Hausa, "Legio" Ba Ta Shigo Ba?

Hausa ta ari kalmomin soja masu yawa daga Ingilishi: soja, bariki, fareti, kofur, saje, samanja, laftanan, kyaftin, manjo, kanar, janar, bataliya, birged. Hanyar shigowarsu sananniya ce. Tun 1863 Gulba ya kafa ƙungiyar mayaƙan Hausa a Ikko, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Shekaru da yawa Hausa ce harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu Hausawa masu yawa suka je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, suka komo da waɗannan kalmomi har cikin ƙauyuka.

Ƙa'idar aro ita ce, kalma takan shigo tare da abin da take nufi. Sojan Ingila da suka zo nan suna da kamfani da bataliya da birged, ba su da wani rukuni mai suna "legion". Bahaushe ya ga bataliya da idonsa, har yau kuma yana ganinta a Barikin Dukku na Birnin Kabi, don haka ya riƙe sunanta. Ɗayar kuwa bai taɓa yin fareti cikinta ba, sai ta tsaya a littafin makaranta.

Wannan shi ya sa ɗalibi kan yi saurin kamo "bataliya", domin ita ce sunan rukunin soja da ya fi zama a kunnensa. Amma bataliya ta yau mutum 500 ne zuwa 1,000, watau ta fi kusa da "cohors", kashi ɗaya cikin goma na "legio". Idan adadi kaɗai za a bi, "birged" ce ta fi kusa. Sai dai ita kuma tana ɗauke da ƙamshin zamani, wanda ya ji ta zai hango bindiga da igwa, ga shi kuwa ana maganar masu takobi da garkuwa ne na shekara 2,000 da suka wuce.

7.0 Sauran Ma'anonin Kalmar a Yau

Bayan faɗuwar Rum kalmar ta ci gaba da rayuwa a harsunan Turai, ta yi rassa. Kowane reshe da irin Hausar da ta dace da shi.

Na farko, ma'anar yawa. Baturen Ingila kan yi amfani da ita don nuna cewa abu ya yi yawan da ba ya ƙirguwa. Wannan ya samo asali ne daga Linjilar Markus, sura ta 5, inda kalmar ta zo a matsayin sunan tarin aljanu. Masu fassara littafin zuwa Hausa sun sa "Tuli" a wannan wuri, amma a Linjilar Matiyu, sura ta 26, inda ake maganar mala'iku, sun sa "runduna". Kalma ɗaya ce a asali, suka ba ta fassara biyu bisa muhalli, kuma wannan darasi ne ga kowane mai fassara. A rubutun yau da kullum "tuli" ko "ɗimbi" ko "jibgi" sun wadatar.

Na biyu, rundunar baƙi ko 'yan sa-kai. A 1831 Faransa ta kafa rukunin sojan da ke ɗaukar 'yan ƙasashen waje, wanda hedkwatarsa ta zauna a Aljeriya har 1962, kuma mayaƙansa na cikin waɗanda suka dira Tambutu da lema a watan Janairu na 2013. A 1972 Gaddafi ya kafa irin wannan a Libiya, ya ɗebi samarin Sahel, har da Buzayen Nijar da Mali. Larabawa kan ce wa irin wannan rukuni "failaƙ". A Hausa "rundunar sojojin ƙetare" ta isar da saƙo.

Na uku, lambar girma. Wadda Napoliyon ya ƙirƙiro a 1802, wadda kuma ita ce mafi daraja a Faransa, tana ɗauke da wannan kalma a sunanta. Wanda ya ce an sa wani shugaba cikin "rundunar girmamawa" ya ruɗa mai sauraro. Abin da ya faru shi ne an ba shi babbar lambar girma ta Faransa.

Na huɗu, kuma wanda ya fi kusa da mu, ƙungiyar tsofaffin sojoji. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kafa irin wannan a Amurka a 1919, da Ingila a 1921, dukansu da wannan kalma a sunansu. Nijeriya ta kafa tata bisa doka a 1964. Ta wannan ƙofa kaɗai kalmar ta shigo rayuwar mutanen Jega da Aliero da Maiyama, domin duk inda aka sami tsohon soja, mai yiwuwa ne ɗan ƙungiyar ne, kuma akan ga waɗansunsu da kakinsu suna gadin ofisoshi da makarantu. Amma Bahaushe bai ari sunan ba. Ya koma rumbunsa ya ɗauko "mazan jiya", kirarin jaruman dā, ya ce "'yan mazan jiya". Ranar 15 ga Janairu, wadda ta dace da ranar ƙarewar yaƙin basasa a 1970, ita ce ranar tunawa da su. Wannan fassara ta fi sunan asali bayyana abin da ake nufi, domin mutanen ba rukunin yaƙi ba ne yanzu, waɗanda suka yi ne suka gama.

Daga wannan reshe na huɗu ne wani ƙaramin reshe ya tsiro. A watan Yuli na 1976 'yan mazan jiyan Amurka suka yi taro a birnin Filadelfiya, wata cutar huhu ta kama da yawa daga cikinsu. Da aka gano ƙwayar cutar a 1977 sai aka raɗa mata suna daga sunan ƙungiyar. Mai fassara labarin lafiya da ya ce "cutar rundunar Rumawa" ya yi nisa da gaskiya. Cutar huhu ce da ake ɗauka daga feshin gurɓataccen ruwa.

8.0 Shawara ga Mai Fassara

Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) Idan ana maganar sojan Rum, a yi amfani da "runduna". A karon farko a ƙara bayani, misali "rundunar Rumawa mai mutum kamar 5,000", daga nan a ci gaba da "runduna" kawai.

(b) Idan jimla ɗaya ta haɗa "legio" da dukan sojan daular, a bar wa "legio" kalmar "runduna", a kira gaba ɗayan "sojan Rum" ko "mayaƙan Rum". Sai a ce, "Sojan Rum a zamanin Ogustus runduna 28 ne." Da haka an kauce wa babban raunin kalmar, watau yadda take iya nufin ɓangare, ta kuma nufi duka.

(c) A bar "bataliya" ga "cohors" idan ana son kwatantawa, a kuma nuna cewa kwatance ne.

(d) A dubi zamanin da ake magana a kai kafin a faɗi adadi, domin 4,200 da 5,200 da 1,000 duk daidai ne, kowanne a lokacinsa.

(e) Idan kalmar ta zo a sunan ƙungiya ko lamba ko cuta, a fassara abin da ake nufi, a ƙyale lafazin.

9.0 Kammalawa

An nuna cewa "legio" ta faro ne da ma'anar zaɓaɓɓun manoma da aka gayyato yaƙi, ta koma sunan rukunin soja na dindindin mai adadi da lamba, daga bisani ta yi rassa a harsunan Turai. An kuma nuna cewa "runduna" ta faro da taron mayaƙa irin waɗanda suka yi Gimbana da Alwasa, ta yaɗu a bakin jama'a zuwa kowane taro mai motsi, a zamanin nan kuma ta zama sunan kafofin tsaro na hukuma. Wannan kamanci na tarihi shi ne hujjar zaɓenta. Abin da ta rasa shi ne adadi, wannan kuwa aikin mai fassara ne ya cike shi da 'yan kalmomi. Akwai sauran aiki a gaban ɗaliban wannan sashe, musamman tattara kalmomin yaƙi da ke bakin tsofaffin Jega da Aliero da Maiyama da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, domin mai yiwuwa a cikinsu a tsinci sunayen ƙananan rukunoni da za su hutar da mu aron "kamfani" da "bataliya" idan muna ba da labarin mutanen dā.